Yadda Na Mai da Babana Uban Daba

Sunan fim ɗin Gatarin La'asar, kuma bari in faɗi gaskiya tun daga farko, tunda na ɗanɗana kuɗata a kan rashin faɗinta: babu shi. Ba a taɓa yin sa ba. Babu kaset, babu darakta, babu mahaluƙin da ya taɓa ɗaga kyamara a kansa. Mu muka ƙirƙire shi, mu tsofaffin ɗaliban kwalejin horon malamai ta Bici, a guruf ɗinmu na waya, a wata damina da takardun shaidarmu ke kwance a ƙasan akwati, mu kuma muna duƙe a gonakin iyayenmu.

Musu ne ya kawo shi. Ranar nan aka ta da gardama a guruf kan wane fim ne ya fi kowanne, ana ta jefo sunaye, ana zagin juna. Sai wani abokinmu ɗan wajen Gezawa, wanda ni shaida ne ko tallan sabulu ba ya iya kallo har ƙarshe, ya gaji da mu. Ya rubuta: “Duk surutu kuke yi. Wanda bai ga Gatarin La'asar ba, bai ga fim ba.” A take ya haɗa sunan; daga baya ya ce mini faskare yake yi a lokacin, ladan kuma ya kira sallar La'asar. Maimakon a tambaye shi wane fim ne wannan, sai wani ɗan neman magana ya amsa: “Allahu akbar! Ka tuna mini da ƙuruciya.” Shi ke nan fa. Kafin magariba fim ya samu labari, ya samu jarumi, har an fara faɗa a kan ƙarshensa.

Jarumin wani uban daba ne, Mai Baƙin Tabarau, wanda wai ya riƙe tashar motocin birni a zamanin da. Ɗabi'arsa guda: ba ya taɓa mutum sai ya yi La'asar. In ka ɓata masa rai da hantsi, zai sa a shimfiɗa maka tabarma, a dama maka fura, ya zauna ya fere maka rake da gatarinsa, sannan ya ce a hankali, “Ka jira ni in yi La'asar.” Wannan maganar ce ta fitar da mu daga guruf ta kai mu duniya.

Cikin ɗan lokaci abin ya bazu a shafukan sada zumunta. Mutanen da ba mu taɓa gani ba suka karɓe fim ɗin daga hannunmu. Wata ta rubuta dogon sharhi a kan mai tallan furar da ke cikinsa, ko Mai Baƙin Tabarau take so ko amininsa da ya ci amanarsa, mata suka rabu gida biyu, har da gaba. Wani ya haɗa kiɗan fim ɗin da ɗan ƙaramin fiyano, ya ce daga tsohon kaset ɗin kawunsa ya kwafo. Wani malamin makaranta ya zauna ya yi bayani shafi-shafi a kan ma'anar raken. Doka ɗaya ce tak, ba wanda ya rubuta ta amma kowa ya san ta: kada ka kuskura ka ce babu fim ɗin. In baƙo ya shigo ya tambaya, “Don Allah da gaske akwai shi?” sai a taru a kansa da tausayi: “Allah sarki, yaran yanzu.”

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Da ni aka fara, amma kowa ya kawo nasa, ni ko tsinke. Alhali ni ne gwanin haɗa hoto a waya a duk yankinmu. Katin biki, katin saukar karatu, hoton ɗan takarar kansila da aka rage masa tumbi, duk ni ake nema. Fim ba shi da fasta, na kuwa ƙudurta ni zan yi masa. Fuskar da zan ɗora ce babu.

To ga mahaifina. Asalinmu Barno ne. Kakana ya zo da buhun littattafai ya zauna a ƙauyenmu, arewa da Bici, inda gona ke manne da gona, in ka jefa fartanya sai ta faɗa a ta wani. Baba ya gaji zaurensa da karatunsa. Shi ke karantar da manya bayan Asuba, shi ke jan salla in liman ba ya nan. Mutum ne da in rediyo ta gama labarai ta saki kiɗa, kafin ganga ta biyu ya kashe ta. Ban taɓa jin dariyarsa ta wuce ƙofar ɗaki ba, ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai a gaban wanzami.

Wata rana Inna ta aike ni in ɗauko mata katin asibiti a adakar Baba. A ƙarƙashin wani littafi, cikin ambulan da ta yi ja don tsufa, na ci karo da hoto. Na zauna daɓas. Wani saurayi ne siriri, suma ta yi tozo, ga baƙin tabarau, ga riga a buɗe har ƙirji, ga wando mai faɗin ƙafa kamar buhu. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, ya saɓa ƙatuwar rediyo a kafaɗa, yana kallon duniya a ɗage. Sai da na juya bayan hoton na ga rubutun ajami na hannun da na sani. Baba ne. Babana!

Da mai hankali ne, da ya mayar, ya rufe adaka, ya yi istigfari. Ni sai da na ɗauke shi a waya tukuna. Da yamma a bakin gona na cire rediyon na ɗora masa gatari, na zuba jan rubutu, na yi wa hoton tabo-tabo irin na tsohuwar takarda. Na ce wa kaina, wa zai gane shi? Ba gemu, ba rawani, ga shekaru sun ja. Na saki.

Kai jama'a! Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa yabona irin na ranar ba. “Wallahi shi ne!” “A ina ka samo wannan?” “Dubi idon, ko ta cikin tabarau sai da gabana ya faɗi.” Na yini ina duba waya, har na bar ciyawa ta cinye mini kunya biyu na gyaɗa.

Abin da na manta shi ne zane. Baba yana da tsagar Barebari a fuska, kuma ranar da aka yi masa ita hannun wanzami ya goce, tsaga ɗaya a kuncin hagu ta karkace ta nufi kunne. Gemu bai rufe ta ba, tabarau bai rufe ta ba. Ni da na tashi ina kallonta kullum, idona ya daina ganinta.

A daidai wannan lokacin ake maganar auren ƙanwata. Ita ke bi na, tana aiki a ɗan asibitin ƙauyenmu. Mai nemanta ɗan wajen Rimin Gado ne, malamin gona, Bafulatani mai sanyin magana. Kuma tana son sa, ba da wasa ba. In wayarta ta yi ƙara sai ka ga ta yar da tsintsiya a tsakar gida ta shige ɗaki, ta fito tana yi wa kaji murmushi. Magabatansa sun riga sun zo gaisuwa, baffansa ne ya jagorance su, ya zauna gaba da gaba da Baba a zaure. Saura bincike, a sa rana.

Bincike kuwa an san yadda ake yin sa: ba a tambayar mai gida. Ta bayan fage ake bi, a tambayi maƙwabta, a tambayi 'yan majalisa, yaya asali, yaya hali, akwai ciwon gado ko babu. Namu sun je can sun dawo da yabo. Mu kuma ko a jikinmu. Gidan Malam ne, me za a tono?

Abin da ya faru a can, daga baya na ji shi daki-daki daga bakin angon. Yana da ƙanwa budurwa, cikakkiyar masoyiyar Gatarin La'asar, wadda ta shigo wasan a makare, ita kanta ba ta da tabbacin ko akwai fim ɗin ko babu. Ta ɗora fastata a fuskar wayarta. Baffan ya ce ta kira masa wani, sai idonsa ya faɗa kan hoton. Tsohon dillalin shanu ne, mutumin da ke gane saniya da tabo ɗaya bayan shekara biyar. Ya ce, “Ke, wane ne wannan?” Ta ce, “Baffa, Mai Baƙin Tabarau ke nan!” Ta kwashe labarin tasha da rake da gatari ta zazzage masa, tana murna ta samu mai saurare. Tsoho ya ce ta tambayi mutanen cikin wayar ko gaskiya ne. Ta rubuta a ƙarƙashin fastata: “Don Allah wannan mutumin da gaske ne? Yana raye?”

Kun san wa ya amsa mata? Ni. Ina zaune a gindin ɗorawa ina hutawa, na ga tambayar, na ji daɗi har raina, na rubuta: “Yana nan da ransa, ƙanwata. Ya tuba, ya tara gemu, yana karantarwa a wani ƙauye arewa da Bici. In kin gan shi sai ki rantse waliyyi ne.” Har na yi dariya ni kaɗai saboda gwanintata.

Ranar kasuwarmu sai ga baffan. Ya zauna a rumfar wanzami inda dattawa ke taruwa, ya raba goro, ya yi zancen taki, ya yi zancen tsadar shanu, sannan ya zaro wayar yarinyar da ya aro. Dattawa suka karɓa hannu-hannu. Kowa ya ga karkatacciyar tsagar nan.

A nan mutanen garinmu suka nuna halinsu. Dattijon ƙauyenmu zai yarda ya kwana da yunwa, amma ba zai yarda baƙo ya taso daga wani gari ya ba shi labarin maƙwabcinsa ba. Wanzami ne ya fara gyaran murya: “To, tunda ka riga ka gani. Mu dai rufin asiri muke yi.” Wani ya ce ai shi ya ma ga fim ɗin a sinima lokacin da yake ci-rani a birni, a tsaye ya kalla saboda cika. Na uku ya tafa hannu: “Shi ya sa! Shekara uku ya ɓace yana saurayi, aka ce mana gabas ya tafi karatu. Ashe gabas ɗin tasha ce!” Baffan ya tambaya, to fim kawai ya yi, ko dabar ce ta gaske? Suka ce masa ai a wancan zamanin ba a ɗaukar mutum fim sai wanda ya iya abin da gaske.

Sa ranar da aka ce mako mai zuwa, sai aka aiko cewa a ɗan dakata, a ga yadda damina za ta kaya.

Shi Baba bai san wainar da ake toyawa ba. Wa zai tunkari Malam ya ce masa, “An ce kai ɗan daba ne”? Liman ya ji, ya yi shiru. Mai gari ya ji, ya yi shiru. Abin da Baba ya gani kawai shi ne gari ya gyaru. Maƙwabcinmu na gona, wanda shekara da shekaru yake cin iyakarmu kaɗan-kaɗan, da kansa ya tuge gambar iyaka ya mayar da ita inda take tun zamanin kakana, har ya ƙara mana taku biyu. Samarin da ke zaman karta a bayan masallaci suka koma cika sahun gaba, suna satar kallon kuncinsa na hagu. Baba ya shigo gida fuska a sake, ya ce wa Inna, “Alhamdu lillahi, wa'azi ya fara shiga.” Wata rana wani mutum ya zo da zafinsa, wai akuyarmu ta tsinke ta ci masa wake. Yana cikin kumfar baki ladan ya kira salla. Baba ya miƙe da buta, ya ce masa da zuciya ɗaya, “Zauna, jira ni in yi La'asar.” Da ya dawo, takalmi ɗaya ya tarar.

Ni na gane inda aka dosa tun ranar da na ga fastata manne a shagon cajin waya, amma na ja bakina na tsuke, ina fatan abin ya mutu da kansa. Ban haɗa shi da maganar sa rana ba. Wallahi ban haɗa ba.

Ƙanwata ce ta haɗa mini. Ta same ni a bayan gida ina zuba wa awaki ciyawa, ta miƙo mini wayarta. Ga fastata, ga amsar da na ba yarinyar nan, angon ne ya turo mata.

“Yaya, kai ne?”

Na fara kame-kame, wai ai wasa ne, kowa ya san wasa ne.

“Baffansa ya san wasa ne?” Idonta duk ya kumbura. “Ya ce ba zai haɗa jini da gidan da aka ɓoye gatari a cikin buhun littattafai ba. Yaya, me na yi maka?”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na ji na tsani kaina, na tsani wayar da ke aljihuna.

Na ce mata zan gyara. Na hau shafi na rubuta ɓaro-ɓaro: babu fim, mu muka ƙirƙira, hoton mahaifina ne, malami ne, ku dubi girman Allah ku goge. Tabɗi! Sai aka ɗauka sabon babi ne na wasan. “An saye shi.” “Dama an ce iyalan Mai Baƙin Tabarau za su fito su musanta.” Wata ta rubuta cewa har ta yi kuka, ɗa yana kare mahaifinsa, wannan ya fi fim ɗin ma taɓa zuciya. Abokan guruf kuma, waɗanda muka sha gari da ƙuli tare a kwaleji, suka cire ni saboda na karya doka. Shi angon ya san ƙarya ce, ya yi wa baffansa bayani har bakinsa ya bushe. Tsohon ya ce shi ba da waya ya dogara ba, dattawan garin ne da furfurarsu suka tabbatar masa, har da wanda ya kalla a tsaye.

Saura hanya ɗaya, kuma sai da na yi kwana biyu ina kewaye ta.

Na same shi da hantsi a gonar gero yana tuge wuta-wuta. Na durƙusa a tsakanin kunyoyi, na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya nisanta ta da fuskarsa, don bai fito da gilashinsa ba. Ya daɗe yana kallo.

“Wannan gatarin fa?” ya ce. “Ni rediyo na riƙe.”

Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga faskaren ɗan Gezawa har rumfar wanzami. Sai da na kai ƙarshe ya yi magana.

“Wato fim ɗin babu shi.”

“Babu, Baba.”

“Kuma kuna yabon sa.”

“E, Baba.”

“Duk kun yi makaranta?”

Na sunkuyar da kai. Ya juya ya dubi gambar iyakar da aka matsar mana, ya jinjina kai a hankali. Na ga daidai lokacin da ya gane ba wa'azi ne ya shiga ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na zaci mari zai biyo baya, har na gyara kunci. Sai ya ce, “Yarinyar tana cin abinci?” Na ce kwana uku ke nan sai ruwan koko. Ya kaɗe ƙasar hannunsa. “Je ka zuba wa mashin mai.”

A wajenmu uban mace ba ya taka gidan masu neman 'yarsa. Su ke zuwa, su durƙusa, su roƙa. In ya je, an dinga faɗi ke nan har jikoki, a ce tallarta ya kai. Inna, da ta riga ta ji komai a gidan suna ta haɗiye, ta tare ƙofa. “Malam, ka aiki liman mana. Ka aiki ƙanenka. Kai da kanka?” Ya ce, “Liman ya ji maganar nan mako biyu bai iya faɗa mini ba. Shi zai iya faɗa wa baƙo?” Ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya zura ambulan ɗin nan a aljihu, ya hau bayana. Hanya duk taɓo, ga tafiya da nisa.

Mun tarar da baffan a ƙofar gida yana tufkar igiya. Da ya ga wanda ya sauko daga mashin, igiyar ta suɓuce masa. Ya dubi hannun Baba na dama, ya dubi na hagu, sannan ya amsa sallama. Aka shiga zaure, aka shimfiɗa tabarma, aka kira angon da wasu dattawa biyu. Bayan gaisuwa Baba ya zaro hoton ya ajiye a tsakiya.

“Ni ne wannan,” ya ce. “Ina dawowa daga karatu a gabas na yada zango a birni, na ga samari suna shiga shagon mai hoto, ni ma na shiga. Rigar tasa ce, wandon nasa ne, tabarau ɗin nasa ne. Rediyon ko batir babu. Sumar ce kawai tawa, ita ma ina isa gida mahaifina ya sa aka aske. Sau ɗaya na so in ga yadda zan kasance da a birni aka haife ni. Na gani, na cire musu kayansu, na kama hanyar gida.”

Baffan ya ɗauki hoton, ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya nemi gatari bai gani ba. “To wa ya ɗora maka gatari, Malam?”

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. “Daga gidana ya fito. Abin da ya fito daga gidana kuwa, ni ne.”

Sai ya yi abin da har yau ban manta da shi ba. Ya sauka daga tabarmar. Zauren ba siminti, jar ƙasa ce, damina ta jiƙa ta. Mutumin da masu furfura ke durƙusa wa su ɗauki karatu, ya sa gwiwoyinsa biyu a ƙasa a gaban dillalin shanu, ya ce, “Yarinyar nan ba ta san komai ba. In akwai abin ƙi, a wurina yake, kuma ga ni na kawo kaina. Kada a hukunta ta da wautar wani.”

Baffan ya zabura. “Subhanallahi! Malam, tashi! Tashi don Allah, kada ka ja mana!” Ya kama shi ya mayar kan tabarma, ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Angon ya sulale ya fice. Da tsohon ya rasa abin faɗi, sai ya fake da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: “Dama ni na yi mamaki. Ina Babarbare ina riƙe tasha? Ku da ko ɗan akuya ba ku iya kamawa!” Baba ya ce, “Bafulatani dai ya iya gane saniya, bai iya gane ƙarya ba.” Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Baffan ya ce, “Jibi muna tafe. A zaurenka za a sa rana, kamar yadda aka saba.”

Da muka fito zan ta da mashin, sai ya ja ni gefe, ya rage murya. “Kai yaro, to shi fim ɗin, ko rabinsa ba a samu?” Na ce babu, Baffa. Ya yi tsaki. “Kash. Wurin raken nan ya yi mini.”

An yi bikin bayan kaka, kuma lafiya suke zaune. Fim ɗin ma yana nan da ransa, na ji har an yi masa kashi na biyu, ba da ni ba. Amma ni abin da ya zauna mini shi ne shigarmu gida a ranar.

Baba ba ya maganar aure da 'yarsa, don haka ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci turken awaki, ya ce da ƙarfi, “A share zaure, jibi akwai baƙi.” Na ji wani sauti daga ɗakin ƙanwata, ban san ko dariya ce ko kuka ba, can kuma sai ƙarar murfin tukunya.

Idon Inna na kan rigar: tabo biyu na jar ƙasa, daidai gwiwa. Tun kafin a haife ni take wanke rigunan mutumin nan. Ta san dauɗar hanya, ta san ta gona, ta san wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Ta dube shi, sannan ta dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ya tuɓe rigar na miƙa hannu in karɓa in wanke, sai ta janye.

“Bari,” ta ce. “Ka yi naka.”

Ta kai ta bayan ɗaki inda ba mai gani, ta zauna da sabulu da bokiti. Jar ƙasa ba ta fita da wuri. Har aka kira magariba ina jin tana cuɗawa.